Inda Ɓarakar Take: Fashin Baƙi kan Tsaron Manhajojin Hira da Gyaran Matsalolinsu

Duk wanda ya buɗe sabuwar hira a WhatsApp yakan ga wani ɗan rubutu daga sama yana shaida masa cewa saƙonninsa da kiransa a kulle suke, babu mai iya karantawa ko saurara sai shi da abokin hirarsa, har kamfanin ma bai isa ba. Wannan magana gaskiya ce. Sai dai kuma ba a rasa jin labarin wanda aka ƙwace wa asusu, ana bin 'yan uwansa da abokansa ɗaya bayan ɗaya ana roƙon kuɗi da sunansa. Ta yaya abubuwan nan biyu suke zama gaskiya a lokaci guda? Wanda ya gane amsar ya gane mafi yawan abin da ake nufi da tsaro a manhajojin hira, kuma zai daina ɓata lokaci yana gadin ƙofar da ɓarawo ba ta nan yake shigowa ba.

Mu fara da shi kullen. A watan Afrilun 2016 ne WhatsApp ya kammala ɗora duk hirarrakinsa a kan tsarin ɓoye saƙo da masu manhajar Signal suka ƙirƙiro. Lokacin da ka yi rajista, wayarka takan ƙera mabuɗai guda biyu na lissafi. Ɗaya ana raba shi ga duk mai son turo maka saƙo, ɗayan kuwa ba ya barin wayar. Idan aboki ya rubuto maka, tun a cikin wayarsa ake dagula rubutun ya koma tarin haruffa marasa ma'ana, a haka zai bi ta kwamfutocin kamfanin, kuma wayarka kaɗai ke da abin warware shi. Mabuɗan ma ba sa tsayawa wuri guda, suna sauyawa daga saƙo zuwa saƙo, ta yadda ko an yi sa'ar sace guda ɗaya ba zai buɗe hirar baya ba. Kamfanin yana riƙe saƙon da bai isa ba har kwana 30 yana jiran wayar mai karɓa ta hau intanet, in ba ta hau ba ya goge shi. Saboda haka mai kamfanin layi, da mai wayifai ɗin da ka hau, da duk wanda ya tsaya a tsakiyar hanya, abin da za su gani bai wuce cewa kana hira ba. Abin da ka ce kuwa, sai dai su yi hasashe.

Amma kada a ɗauka duk manhajojin ɗaya suke. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa game da Telegram, wadda Pavel Durov da ɗan uwansa Nikolai suka fito da ita a 2013, ta kuma yi suna a matsayin manhajar sirri. Hirar yau da kullum a Telegram a rumbun kamfanin take ajiye, kuma kamfanin ne ke riƙe da mabuɗinta. Irin wancan kulle na waya zuwa waya sai ka buɗe abin da suke kira hirar sirri da hannunka, ita ma tsakanin mutum biyu kawai take aiki, ba ta shafi zaurukan hira ba, waɗanda kan ɗauki mutum har 200,000. Wannan ba ya nufin Telegram ba ta da amfani. Don rumbun nata ne ma take da daɗin sha'ani, ka hau daga kowace waya ka tarar da komai naka. Illa dai mutum ya san abin da ya saya da abin da ya sayar. Messenger na Facebook sai a Disambar 2023 aka fara mayar da kullen ya zama na kowa ba tare da an kunna ba. Signal kuwa ba ta da wata hira da ba a kulle ba. Shi tes na layin waya, wanda aka fara aikawa tun 1992, ba shi da irin wannan kariya ko kaɗan. A riƙe wannan, domin a kansa ne duk ginin yake tsaye.

Dalili kuwa shi ne, manhajar ba ta san fuskarka ba, ba ta san muryarka ba. Abin da ta sani kawai lambar waya, kuma hanyar da take tabbatar da cewa lambar taka ce ita ce ta turo wasu alƙaluma (a WhatsApp guda 6 ne) ta tes ko ta kira. Duk wanda ya shigar da alƙaluman nan a wayarsa, shi ne kai a wurin manhajar. Ɗan damfara ba ya wahalar da kansa wajen fasa lissafin da manyan masana suka kasa fasawa. Alƙaluman nan 6 yake nema, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya tambaye ka.

Ga yadda abin yake faruwa. Yana zaune a inda yake, ya sauke WhatsApp a wata waya, ya rubuta lambarka a wurin rajista. Nan take tes ya shigo maka. Kafin ka gama mamaki sai ga saƙo daga wani da ka sani, da hotonsa da sunansa, har tsohuwar hirarku tana sama: "Salam, don Allah yi haƙuri, ina ƙoƙarin buɗe wani abu ne na sa lambarka bisa kuskure. Wasu lambobi sun shigo maka yanzu, taimaka ka turo min." Babu abin zargi a ciki, tunda asusun na abokin naka ne da gaske. Abin da ba ka sani ba shi ne tun jiya aka ƙwace masa shi ta wannan hanyar, yanzu kuma ana amfani da yardar da ke tsakaninku a kamo ka. Da ɗan gari kan ci gari. Wani salon kuma kira ne: murya mai natsuwa ta ambaci sunanka da sunan wani zaure da kake ciki, ta ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo wa kowane mamba lambar shiga, karanto taka a sa ka a jerin mahalarta. Sunan naka da na zauren duk daga asusun wani mamba da aka riga aka ƙwace ya samo su. Kana gama karantowa, manhajarka ta ce an yi rajistar lambarka a wata waya.

Akwai waɗanda ba sa ma tambayar lambar kai tsaye. Sai su lallaɓa mutum ya danna wasu alamomi masu farawa da tauraro, irin su **21* sannan wata lambar waya, da sunan ana gyara masa layi ko ana ba shi kyauta. Wannan umarni ne na karkatar da kira. Da zarar ya shiga, sai su nemi manhajar ta karanto lambar tabbatarwa ta kira, kiran kuma ya zarce wayarsu. A yawancin layuka, danna ##002# yana soke duk wani karkatarwa da aka sa. Mafi muni shi ne a je a yaudari kamfanin layi, ko a haɗa baki da wani ma'aikaci, a fitar da sabon sim da lambarka. Alamarsa ita ce sabis ya ɗauke maka ɗif alhali na kusa da kai masu irin layinka suna da shi. In haka ta faru, ba lokacin jira ba ne a ga ko zai dawo da kansa.

Me ɓarawon yake samu? A WhatsApp da Signal ba ya ganin tsofaffin saƙonninka, domin suna cikin wayarka ne ba a rumbun kamfani ba. Abin da ya samu shi ne sunanka, da hotonka, da zaurukan da kake ciki tare da lambobin mutanen cikinsu, da duk saƙon da zai shigo daga wannan lokaci. Wannan ya ishe shi sana'a. A Telegram kuwa lamarin ya fi haka nauyi, tunda yana shiga zai tarar da hirarrakinka na shekara da shekaru suna jiransa, ban da na sirri.

Maganin wannan duka abu ne da ba ya cin minti biyu, kuma abin takaici ne yawan mutanen da ba su kunna shi ba: tabbatarwa mai mataki biyu. A WhatsApp wata lambar sirri ce mai alƙaluma 6 da kai za ka zaɓa da kanka, wadda ba a turo ta ta tes, ba ta ko'ina sai a kanka. A Telegram kalmar sirri ce, a Signal kuma ana kiransa kullen rajista. In yana kunne, ko an yaudare ka an karɓi lambar tes, ɓarawo zai ci karo da tambaya ta biyu da ba shi da amsarta. Ka haɗa da adireshin imel da kake iya buɗewa, don ranar da ka manta. Kada kuma ka zaɓi shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka, su ne farkon abin da za a gwada. Shi ma sim yana da tasa lambar sirri da ake iya kunnawa, wadda ke hana wanda ya tsinci wayarka ya cire sim ɗin ya sa a tasa ya karɓi tes. Sai dai a kula, kuskure uku a jere yana rufe sim, sai an nemo lambar PUK, wato lambar buɗe sim da kamfanin layi ke bayarwa.

Idan kuwa aikin gama ya gama, an riga an ƙwace, kada ka tsaya rubuta wa ɓarawon magiya ko zagi. Muddin layin yana hannunka, ka sake yin rajista da lambarka, ka karɓi sabon tes ka shigar. WhatsApp ba ya barin lamba ɗaya ta zama babbar waya a wuri biyu, don haka shigarka ita ce fitarsa. In ya riga ka ya sa tasa lambar mataki biyu, za a ce ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da ita ba, amma shi an riga an fitar da shi tun lokacin da ka shigar da lambar tes. A tsakanin nan ka kira makusantanka da baki ka sanar da su, domin su ne abin farautar.

Ƙofa ta biyu ba ta buƙatar wani ɗan damfara daga nesa, na kusa ne ke bi ta nan. WhatsApp yana ba da damar haɗa na'urori har 4 da asusu ɗaya, ko kwamfuta ko wata wayar, ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR, wani zane mai kusurwa huɗu da ke fitowa a fuskar sabuwar na'urar. Wanda ka ara wa waya a buɗe na ɗan lokaci zai iya haɗa tasa na'urar, daga nan duk saƙon da ya shigo ko ya fita yana gani, har da wani ɓangare na hirar baya, kai kuwa manhajarka tana aiki lafiya ƙalau. Wannan ya fi ƙwacen asusu haɗari ta wata fuska, domin wanda aka ƙwace wa ya san an ƙwace, wannan kuwa zai iya yin watanni bai sani ba. Haɗawar tana yiwuwa kuma ta wata lamba mai haruffa 8, shi ya sa za ka ga ana turo mahaɗi ana cewa ka shiga ka zaɓi wani yaro a gasa, shafin ya nemi lambar wayarka, sannan ya ce ka shigar da wasu haruffa a cikin WhatsApp ɗinka. Wanda ya yi haka ya buɗe wa baƙo ƙofa da hannunsa. A cikin saitunan manhajar akwai sashen na'urorin da aka haɗa. Leƙa shi lokaci zuwa lokaci, duk abin da ba ka gane ba ka fitar da shi. Telegram da Signal ma suna da irin wannan jeri. Ita wayar kanta a sa mata kulle, a kuma hana rubutun saƙo fitowa a fuskarta tana rufe, in ba haka ba lambar tes ɗin nan kowa zai karanta ba sai ya buɗe ba.

Sai maganar kwafin ajiya, wanda aka fi mantawa da shi. Saƙo ya taho a kulle, ya iso, an buɗe shi a wayarka. Da dare kuma wayar ta kwashi hirarrakin duka ta kai rumbun intanet na Google Drive ko iCloud don kada su ɓata. Shekaru da dama wannan kwafi ba ya cikin wancan kulle na waya zuwa waya. Sai a Oktoban 2021 WhatsApp ya kawo zaɓin kulle shi da kalmar sirri ko da mabuɗi mai alƙaluma 64, kuma mutum ne zai kunna da kansa. A ganina ya kamata a kunna, amma da sharaɗi: in ka manta kalmar kuma wayar ta ɓata, babu mai iya dawo maka da komai, har kamfanin. Wanda ya san kansa da mantuwa ya rubuta a takarda ya adana a inda yake adana muhimman takardunsa. Kuma ko ka kulle naka, hirar da kuka yi tana cikin kwafin abokin hirarka, wanda ba ka da iko a kansa.

Wannan ya kawo mu ga abin da babu wata fasaha da ta taɓa magancewa, wato wanda ke ɗaya gefen. A watan Maris na 2025 manyan jami'an gwamnatin Amurka suna tattauna shirin kai hari a Yaman a cikin wani zauren Signal, ashe an saka babban editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, a ciki bisa kuskure, yana karanta komai. Babu wanda ya fasa Signal. Manhajar ta yi aikinta daidai, ta isar da saƙon a kulle ga duk wanda ke cikin zauren. In haka ta faru da masu rundunar ƙwararru a bayansu, me za a ce da zaure mai mutum ɗari biyar da aka watsa mahaɗin shigarsa a ko'ina? Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024. Abin da ka rubuta a irin wannan wuri ka ɗauka a bainar jama'a ka faɗe shi. Saƙo mai ɓacewa da kansa bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90 yana da amfani wajen rage tarin abin da za a samu in waya ta faɗa hannun wani, amma ba ya hana mai karɓa kwafewa kafin lokacin. Hoton da ake buɗewa sau ɗaya ma, ko manhajar ta hana ɗaukar hoton fuskar waya, ba ta hana a ɗauko wata wayar a ɗauke shi. Masu karɓar hotunan tsiraici su dawo suna barazana da su sun san wannan sarai, shi ya sa suke nacewa da cewa ai sau ɗaya za a gani. A saitunan sirri akwai inda ake taƙaita wanda zai iya saka ka a zaure, da wanda zai ga hotonka, da kuma kashe ƙarar kiran baƙuwar lamba. Taƙaita hoton ga waɗanda ka adana kawai yana ƙara wa masu buɗe sabon layi da hotonka wahala.

Kullen kuma bai rufe bayanan gefe ba: wa ka yi wa magana, yaushe, daga wace waya, ta wane adireshin intanet. A nan ne kamfanonin suka bambanta ƙwarai. WhatsApp, wanda Facebook ya saya a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, yana tara irin waɗannan bayanai da dama. Signal kuwa, da wata kotu a Amurka ta nemi bayanan wani mai amfani da ita a 2016, abin da ta iya miƙawa shi ne ranar da aka buɗe asusun da ranar ƙarshe da ya hau. Ga mai hirar iyali wannan ba wani abin hana barci ba ne. Ga ɗan jarida da majiyarsa kuwa, sanin cewa sun yi magana kaɗai ya isa ya jawo masifa.

Za a ce, to ai an taɓa kutsawa ba tare da mai waya ya yi komai ba. Haka ne. A 2019 an gano wata ɓaraka a tsarin kiran WhatsApp da aka bi aka dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO Group na Isra'ila, a wayoyin mutum kusan 1,400, cikinsu har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Kira kawai ake yi, ko ba a ɗauka ba ta shiga. Irin wannan makami yana da tsadar gaske, gwamnatoci ake sayar wa, ba a ɓata shi a kan kowa. Abin da ya shafi sauran jama'a a labarin shi ne yadda aka toshe ɓarakar: ta hanyar sabunta manhaja. Wanda ya shekara yana danna "sai an jima" duk lokacin da aka ce ya sabunta yana yawo da ramukan da duniya ta riga ta sani. Mafi kusa da talaka kuma su ne jabun manhajoji irin su GB WhatsApp da WhatsApp Plus, masu ruɗin mutane da ganin saƙon da aka goge ko ɓoye cewa suna kan layi. Ba a san wanda ya taɓa cikinsu ba, kuma saƙonka a buɗe yake a hannunsu tunda su ne ke warware shi. Kamfanin yana dakatar da asusun masu amfani da su. Haka duk fayil ɗin da aka turo a hira mai ƙarewa da .apk, ko an sa masa sunan katin gayyata ko takardar ɗaukar aiki, manhaja ce ke neman shiga wayarka, kuma abu na farko da irinsu kan nema shi ne izinin karanta tes.

Idan muka koma ga matsalolin yau da kullum, su ma yawanci ba daga manhajar suke ba, kuma ita da kanta tana nuna inda matsalar take ga mai lura. Ɗan agogo a gefen saƙo yana nufin bai ma bar wayarka ba, matsalar a wurinka take. Maki ɗaya yana nufin ya isa kamfanin amma bai sauka a wayar mai karɓa ba, ko tana kashe, ko ba ta kan intanet, ko kuma ya toshe ka. Maki biyu ya sauka, in sun koma shuɗi an buɗe, sai dai in mutumin ya kashe wannan alama. Saboda haka wanda ya ga maki ɗaya ya hau kashe wayarsa yana kunnawa wahalar banza yake yi. A zaure kuwa maki biyu ba sa fitowa sai saƙon ya sauka a wayar kowa.

In ɗan agogon nan ne a gefen saƙon, buɗe wani shafi a intanet ka gani. Alamar data tana iya nunawa a sama alhali datar ta ƙare, wayifai ma yana iya haɗuwa alhali shi kansa ba shi da intanet, ko yana jiran ka shiga wani shafi ka amince da sharuɗɗa. Sa wayar a yanayin jirgin sama na 'yan daƙiƙu ka cire, in kana da VPN (manhajar da ke karkatar da hanyar intanet ɗinka) a kunne ka kashe. In komai yana buɗewa ban da manhajar, tambayi wani ko tasa tana yi. A ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa 6 saboda kuskuren saiti a kamfanin, kuma babu abin da mai waya zai taɓa ya gyara. Wani abin da ba a cika zarginsa ba shi ne agogon wayar. Kafin manhajar ta yarda da kwamfutar kamfanin sai ta duba takardar shaidarta, wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Wayar da kwanan watanta ya koma baya da shekaru za ta ga shaidar ba ta inganta ba, ta ƙi haɗuwa, hotuna su ƙi sauka. A bar wayar ta riƙa ɗaukar lokaci daga layi da kanta.

Saƙon da ba ya shigowa sai ka buɗe manhajar, sannan su zubo gaba ɗaya, kusan kullum aikin tsarin tattalin batir ne. Wayoyin Android da yawa suna kashe duk manhajar da ke aiki a bayan fage don cajin ya daɗe. A shiga saitunan batir a cire manhajar daga takura, a kuma duba cewa ba a hana ta shan data a bayan fage ba. In ana kira ba a jin muryarka, duba ko ka ba ta izinin makirfo.

Cikar ma'ajiya ita ce ta fi jawo asarar da ba ta dawowa, ba don ita kanta ba, sai don abin da mutane ke yi cikin gaggawa. Bidiyoyin zauruka ne ke cinye wuri, musamman in an bar su suna sauka da kansu. A sashen ma'ajiya na WhatsApp akwai inda aka ware fayilolin da suka haura megabayit 5 da waɗanda aka yi ta turawa, ana iya share su a dunƙule ba a taɓa rubutun hira ba. A saitunan Android kuma akwai maɓallai biyu maƙwabtan juna, ɗaya na share tarkacen wucin gadi, ɗaya na share bayanan manhajar gaba ɗaya. Na farko ba ya cutarwa. Na biyu yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta. Shawarar nan da ake saurin bayarwa ta "goge ka sake saukewa" ita ce ta ƙarshe a layi, kuma ba a yin ta sai an buɗe sashen kwafin ajiya an ga kwanan watan kwafi na ƙarshe da ido. Mutane da dama sun ɗauka wayarsu tana ajiyewa kullum, ashe ta daina tun watanni saboda gigabayit 15 na kyauta da Google ke bayarwa ya cika, tunda yanzu kwafin WhatsApp yana cikin lissafin. A Signal a fi taka tsantsan, domin abin da ba ka yi wa tanadin kwafi da kanka ba ya tafi ke nan. Kwafin Google Drive kuma ba ya buɗuwa a iPhone, na iCloud ma ba ya buɗuwa a Android. Mai sauya irin waya sai ya yi ƙaurar kai tsaye, wayoyin biyu suna gabansa, kafin ya rabu da tsohuwar.

In lambar tabbatarwa ta ƙi zuwa, duba yadda ka rubuta lambar wayar: a zaɓi ƙasa daidai, a cire sifilin farko. Kada a yi ta dannawa ko cankar alƙaluma, kowane kuskure yana ƙara tsawon jiran da za a ɗora maka, daga mintuna ya koma awanni. A bari ƙidayar ta ƙare a zaɓi kira.

Wanda zai sauya layi kuma kada ya jefar da tsohon sim ya buɗe sabon asusu kawai. Kamfanonin waya suna sake sayar da lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba, kuma wanda ya saye ta, in ya yi rajista, shi zai riƙa karɓar saƙon duk wanda bai san ka sauya ba. A cikin saitunan asusu akwai wurin sauya lamba, wanda ke kwashe zaurukanka da bayananka ya mayar kan sabuwar, ya rufe tsohon asusun, ya kuma ba ka zaɓin sanar da mutanenka. Ana yin sa ne tun sabon layin yana karɓar tes kuma tsohon asusun yana buɗe a wayar. In waya ce ta ɓata, a fara da kiran kamfanin layi a rufe sim, a karɓi sabo da lambar nan dai, a yi rajista a wata wayar, sannan a shiga jerin na'urorin da aka haɗa a fitar da duk abin da ke ciki.